Nasiha Ga Samarin Gude A Kan Gyaran Sautin Na'urar Faifai



Ya ku 'ya'yana samarin Gude da na garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, tun daga Kabo da Garo har zuwa Gwarzo da Getso, na lura da wata sha'awa da ta shigo cikinku, wadda ban ga aibinta ba muddin an bi ta da ilmi, watau sha'awar manyan na'urorin faifan CD waɗanda mutanen Turai da Japan suka gama yayinsu, 'yan gwanjo suka sauke su a Ikko, daga can suka hauro da su Sabon Garin Kano, har ya zamana saurayi yakan sayar da 'yan buhunan masararsa da kaka, ya shiga birni da safe, ya komo da la'asar rungume da Marantz ko Denon ko Sony a cinya. Waɗansunku don sana'ar biki suke saye, waɗansu don masallaci ko makarantar Islamiyya, waɗansu kuwa don su zauna a shago bayan lisha su saurari ƙira'a ko waƙoƙin mazan jiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, da zarar na'ura ta iso gida, sai mashawarta su yi wa mai ita caa: wannan ya ce a sake mata waya mai tsada, wancan ya ce a buɗe ta a ƙara wa idonta wuta, wani ya ce a shafa wa gefen faifai tawada, kowa yana rantsuwa cewa da kunnensa ya ji sauti ya ƙaru. Ta haka dukiya ke salwanta, lafiyayyar na'ura ta koma ta mai gyara, alhali kuwa abin da ke rage daɗin sauraron yana can wani wuri dabam, ba wanda ya waiwaye shi.

Wajibi ne ga wanda zai gyara abu ya fara sanin haƙiƙarsa. Faifan nan haɗin gwiwar kamfanoni biyu ne, Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan, waɗanda suka yi ittifaƙi a kan ƙa'idojinsa a shekarar 1980, aka fara sayar da na'urarsa a Japan cikin watan Oktoba na 1982, sa'an nan Turai da Amurka suka biyo baya a 1983. Faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1.2, kuma ya saɓa wa faifan garmaho na kakanninku, wanda allura ke bi tana karkarwa, domin abin da ke cikinsa lissafi ne zalla. Akan auna murya sau 44,100 a kowane sakan guda, a ba kowane awo adadi daga cikin matakai 65,536, a rubuta adadan nan da ɗigogi ƙanana ƙwarai a kan layi ɗaya tal, wanda ya faro daga tsakiyar faifai yana kewayawa zuwa bakinsa, wanda kuma da za a warware shi da tsawonsa ya zarce kilomita 5. Hasken leza da ke fitowa daga idon na'ura shi ke karanta ɗigogin, wani sashe na na'urar ya mayar da lissafin ya zama sauti. Ba kuwa da ka aka zaɓi adadin awon ba: kunnen yaro lafiyayye ba ya jin abin da ya haura karkarwa 20,000 a sakan, kuma masana irin su Nyquist da Shannon sun kafa hujja cewa idan aka auna sauti fiye da ninki biyu na iyakar karkarwarsa, to, ana iya komo da shi yadda yake.

Akwai kuma wata hikima a ciki wadda saninta zai tsare muku aljihunku. Masu ƙirar faifan sun san zai karce, saboda haka suka ɗauko wani lissafi da Reed da Solomon suka fitar a Amurka a 1960, suka warwatsa adadan a kan layi tare da waɗansu na ƙari masu gadinsu, ta yadda ko wajen milimita biyu da rabi na layin ya shafe, na'ura za ta komo da abin da ya ɓace daidai wa daida. Idan ɓarnar ta ɗara haka kaɗan sai ta yi kirdado ta cike gurbin, idan ta yi yawa sai a ji tsalle ko shiru. Ma'anar wannan ita ce, muddin faifai yana karantuwa, adadin da aka rubuta shi ne adadin da aka karanta, kuma babu wani shafe-shafe da zai sa bakwai ta fi bakwai zaƙi.

Malaman hadisi, Allah Ya saka musu da alheri, ba su kan yi wa ruwaya hukunci da girman mutum ɗaya daga cikin maruwaitanta ba. Sukan bi isnadi ne mutum bayan mutum, idan suka tarar da guda mai raunin hadda, ko mai cusa maganarsa a cikin matani, sai darajar ruwayar ta sauko zuwa matsayinsa, ko da sauran duk manyan limamai ne. Haka sauti yake. Daga bakin mai ƙira'a ko makaɗi ya shiga na'urar ɗauka, daga nan faifai, daga faifai zuwa idon na'ura, zuwa amfilifaya, zuwa lasifika, zuwa iskar ɗaki, kana ya iso kunne. Aikin kowane ɗaya daga cikinsu amana ce, ya miƙa abin da ya karɓa ba ƙari ba ragi. A galibin ɗakunanmu kuwa, na'urar CD ita ce mafi aminci a cikin silsilar duka, ita ce kuma aka fi tuhuma. Saboda haka ku bar ta tukuna, ku bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

Ku fara da asali, watau abin da aka zuba a faifan. Muryar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da ta Alhaji Musa Ɗanƙwairo, da tafsirin da aka yi shekaru ana yaɗawa daga Rediyon Kaduna, mafi yawansu ta hanyar kaset suka iso gare mu, an kwafa daga kwafi, shi ma daga wani kwafin, kowane juyi yana cin wani abu na kaifin murya yana ƙara shuu. Ko ƙira'ar Shaihu Mahmud Khalil al-Husari, wanda aka ɗauki Alƙur'ani cikakke da muryarsa a Masar a 1961, wani bugun ya fi wani tsabta nesa ba kusa ba. Daga baya kuma MP3 ya zo, wanda ke matse sauti ta hanyar zubar da wani sashe nasa, har wanda aka fi yawo da shi a wayoyi bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da faifan asali ke ɗauke da shi ba; idan mai shago ya kwaso irin wannan daga katin waya ya ƙona muku a faifai, abin da aka zubar ya tafi ke nan, ko da na'urar miliyan guda za ku sa shi. Kuɗin da za ku kashe wajen neman bugu mai kyau ya fi wanda za ku kashe a kan kowace waya albarka.

Sai tsabta, wadda a ƙasarmu ita ce rabin aikin, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da hunturu ke cusa ƙura ta kowace kafa. Ku riƙe faifai ta gefe da ta ramin tsakiya, ku goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada ku bi shi da kewaye, domin karcen da ya gitta layi ɗan kaɗan yake ci daga kowane zagaye, lissafin nan ya cike shi, amma karcen da ya bi layi yakan shafe dogon zango gaba ɗaya. Ku kuma san cewa fuskar da aka yi wa rubutu ta fi ɗaya fuskar rauni, don ƙarfen da ke ɗauke da ɗigogin yana dab da ƙarƙashinta. Kada a rubuta mata suna da biro, kada a bar faifai a rana ko a gaban mota. Na'urar kanta a ɗora ta a kan kanta mai ƙarfi wadda ba ta karkace ba, nesa da lasifika don girgiza, ba kuma bisa amfilifaya ba don zafi, a lulluɓe ta da mayafi idan an kashe ta.

In kuwa ta fara tsalle ko ta ƙi karɓar faifai, ku kai ta ga mai gyaran da ya san aikinsa, ku tsaya ku kalli hannunsa, don akwai karatu a ciki. Zai fara zare wayar wuta, ya kwance murfi, ya tara ƙusoshin a marfin gwangwani don kada ɗaya ya ɓace. Ba zai hura idon da baki ba, sai da 'yar robar hura iska. Sa'an nan ya ɗauki tsinken auduga ya ɗiga masa sifirit, ya matse shi a bayan hannunsa har ya zama danshi kawai, ya shafi ƙwayar idon sau ɗaya ko biyu, da sassauci ƙwarai, yana kallon yadda take lilo a kan 'yan siraran wayoyin da suka riƙe ta, ya dakata ta bushe; daga nan ya share tsohon man da ya daskare da ƙura a kan sandar da idon ke zamewa, ya ɗiga sabo kaɗan, ya duba bel ɗin da ke jan tire ko ya saki. Sau da yawa iyakar ciwon ke nan. Amma wanda kuka ga ya zarce da sukundireba zuwa ɗan maɓallin da ke gefen ido yana cewa zai ƙara masa wuta, ku riƙe hannunsa, domin ƙarin wutar yakan sa ido ya yi karatu na ɗan lokaci sa'an nan ya ƙone gaba ɗaya, idon irin waɗannan tsofaffin na'urori kuwa samunsa sai an sha wuya. Kada kuma ɗayanku ya leƙa idon alhali na'ura na kunne, don haskensa kusan ba ya ganuwa amma yana cutar da gani, kada kuwa ya sa yatsa cikin amfilifaya don ya ga an kashe ta, domin manyan kafasitocinta sukan riƙe wuta bayan an zare waya.

Na uku wutar lantarki. Wutar ƙasarmu bolt 230 ce a ƙa'ida, ta Amurka 120, ta Japan 100, kayan gwanjo kuwa a cakuɗe suke zuwa. Saboda haka kafin ku soka waya a bango ku juya bayan na'ura ku karanta abin da aka rubuta, wadda ba ta dace da tamu ba sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi ne ƙarshenta tun a daren farko. Tun da yake kuma wutarmu takan yi sama ta yi ƙasa, sitabilaiza mai kyau ya fi duk wani ado da za ku saya. Idan janareta ne, ku bari ya daidaita numfashinsa kafin ku kunna kaya. Ku mai da amfilifaya ta zama ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa, don kada bugun wuta ya faɗa wa lasifika. Da damina kuwa, in hadari ya taso da walƙiya, ku zare komai daga bango. Gurnanin nan da kuke ji ƙasa-ƙasa ko babu faifai a ciki, galibi daga wayar sauti ne da aka kwantar tare da wayar wuta, ko bakin waya da ya yi tsatsa. A raba su, a goge bakin, a yi amfani da gajeriyar waya mai kyakkyawan rufi, shi ke nan an wadatu.

Yanzu na iso inda mafi girman riba yake, inda kuma ba a biyan ko kwabo, watau lasifika da ɗaki. Ku fara duba wayoyi, ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi a duka ɓangarorin biyu, domin idan aka juya na ɗaya, sai wannan lasifika tana turo iska waccan tana ja, amon ƙasa ya zube, murya ta rasa mazauni. Ku duba kuma nauyin da amfilifaya za ta iya ɗauka: lasifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su a baki ɗaya sun koma om 4, in aka ƙara biyu sun koma 2, wannan yana cikin sababan ƙonewar amfilifayoyin 'yan biki. Bayan haka ku jera su ta yadda tazarar da ke tsakanin lasifikun biyu za ta yi daidai da tazarar kowace zuwa mazauninku, ku ɗan karkato fuskokinsu gare ku, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn amo ya yi daidai da tsayin kunne. Mai zama a kan tabarma ya sauko da su, kada ya rataye su can kusa da rufi don gwaninta. Ku janye su daga lungu da jikin bango gwargwadon kamu ɗaya ko biyu, domin lungu yakan kumbura amon ƙasa har ya danne magana.

Sa'an nan ku tsaya a tsakiyar ɗaki ku tafa hannu sau ɗaya, ku kasa kunne. A shagon siminti mai rufin kwano wanda ba shi da sili za ku ji tafin ya bar wata 'yar ƙara tana kai da komo tsakanin bango da bango. Wannan ƙarar tana hawa kan kowane harafi da kowane bugun kalangu da lasifika ta fitar. Ku shimfiɗa darduma tsakaninku da lasifika, ku saki labule mai kauri a taga da bangon baya, ku jingina kantar littattafai a gefe, in da hali a yi sili, ku sake tafawa, za ku ji ƙarar ta mutu. Tsofaffin ɗakunan ƙasa masu rufin azara da iyayenku ke rushewa suna da wannan falala tun asali, don bangon da ba shi da santsi ba ya mayar da amo da kaifi.

Ina kuma yi muku wasiyya game da maɓallan ƙarin amo, musamman ku masu kula da na'urar masallaci. Malaman tajwidi sun ƙarar da rayuwarsu wajen rarrabe mafitar haruffa da siffofinsu, don a bambance sinun da sadun, a ba gunna da madda haƙƙinsu. Bambancin nan kuwa a cikin siririn amo yake zaune, shi ne farkon abin da ke nutsewa idan aka murɗa eko, ko aka cika amon ƙasa. Masallacin siminti da ma yana da amsa-kuwwarsa, in aka ƙara masa ta na'ura sai ƙarshen aya ya hau farkon mai bi mata, mamu na sahun baya ya ji daɗin murya amma ya kasa tsintar kalma. Haka kuntigin Ɗan Maraya Jos yake ɓacewa a ƙarƙashin dundum ɗin da ba ya cikin waƙar tun farko. Ku mayar da maɓallan tsakiya, in amfilifayarku tana da wanda aka rubuta wa Direct ku danna shi, ku yi haƙuri da abin da kuka ji har mako guda, kunnenku zai saba da gaskiyar sautin, ya daina marmarin ƙarin.

Game da da'awar 'yan kasuwa kuwa, ku riƙi ƙa'idar alƙalai, cewa mai da'awa shi ke kawo shaida. Wajen shekarar 1990 an yi yayin wani koren alƙalami a Amurka da Ingila, ana shafa shi a gefen faifai wai yana tsare haske, mutane masu ilmi da dukiya suka saya suka yi ta yabo, domin zuciya idan ta biya kuɗi takan riga kunne yanke hukunci. A 2007 waɗansu masana biyu a birnin Boston, Meyer da Moran, suka jarraba masu sauraro sau 554 ko za su rarrabe sautin CD da na wani faifai da ake cewa ya fi shi, ba tare da sun ga wanda aka kunna ba, sai aka dace sau 276, watau rabi, abin da mai jefa kwabo ma zai samu. An yi ta muhawara a kan jarrabawar, amma hanyarta ita ce abin koyi, kuma kuna iya yinta a shagonku. Ɗaya ya zauna ya ba kayan baya, abokinsa ya jefa kwabo a ɓoye, in kai ya fito ya sa tsohuwar waya, in ɗaya gefen ne ya sa sabuwa, ba tare da ya taɓa maɓallin ƙara ba ko ya yi tari, domin abin da ya fi ƙara ko da kaɗan ne kunne yakan ɗauka ya fi kyau. Na uku ya riƙe takarda yana rubuta amsa har sau goma. Wanda ya dace sau tara ya ji wani abu haƙiƙatan, sai ya saya da natsuwa. Wanda ya dace sau biyar ko shida, zato ne, ya mayar da kuɗinsa aljihu ya sayi taki.

Saura kunne, wanda babu gwanjonsa a Sabon Gari ko wata kasuwa. A can cikinsa akwai waɗansu ƙwayoyi masu gashi, 'yan dubbai ne kawai, ƙara mai tsanani tana kashe su, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa, kuma masu jin siririn amo su ke fara tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2015 cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan sauraro, daga baya kuma ta ƙayyade wa baligi ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako, duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zamana a wajen desibel 100, wanda lasifikar biki kan kai, abin da ya rage bai wuce kamar minti 20 a mako ba. Alamar da za ku riƙe mai sauƙi ce: idan sai kun ɗaga murya kafin wanda ke kusa da ku ya ji, ƙara ta yi yawa, idan kun tashi kunne yana ƙugi, an riga an yi ɓarna. Ga kuma haƙƙin maƙwabci, wanda shari'a ta girmama: a bayan katangarku akwai majinyaci, da mai jego, da gardi mai tilawa, da manomin da zai yi sammako zuwa fadama, ba kuwa ɗayansu da ya ba ku izinin shiga ɗakinsa da sautinku.

Wanda a cikinku ya ga zuciyarsa ta kamu da son wannan fanni, kada ya tsaya a kan jita-jitar dandali. Ya nemi gwani ya durƙusa a gabansa ya koyi riƙon dalma da karanta mita, in Allah Ya hore masa ya wuce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano, ko sashen injiniyan lantarki na Jami'ar Bayero da ke kan hanyarmu ta Gwarzo. Aiki yana nan yana jiransa, domin a cikin akwatunan gidajen Gude da Kabo akwai kaset-kaset na tafsirin malamanmu da wa'azinsu da waƙoƙin makaɗan ƙasar nan, waɗanda zafi da ƙura ke ci kowace shekara, babu kuma kwafinsu a ko'ina. Wanda ya iya juye su da amana, bai matse ba, bai ƙara eko ba, ya rubuta sunan mai magana da wuri da shekara a kan kowane ɗaya, ya yi wa al'ummarsa hidimar da za a daɗe ana sa masa albarka a kanta. Allah Ya yi muku jagora, Ya sa albarka a cikin sana'arku da dukiyarku, amin.